Uwa Uku, Gurbi Ɗaya

A ɗakin ajiyar tsofaffin takardu na laburaren garin akwai wata mata da kowa ke kira Cike-gurbi, tun daga shugaba har mai shara, kuma ba ta taɓa jin haushin sunan ba, don ta san halinta ne ya saya mata shi. Matar nan in ta ga takarda da layi babu rubutu a kai, jikinta har ƙaiƙayi yake yi. Masu tsegumi sun ce ranar haihuwarta ta fari, tana cikin naƙuda tana jan hannun nas, wai an tsallake gurbin sana'ar miji a katin asibiti.

A shagon mahaifinta ta kamu da cutar. Mai hoto ne, shagonsa ciki da falo: falon da labule mai zanen furanni da kujerar katako guda, cikin kuwa ɗakin wanke hoto ne da ba a barin kowa ya leƙa. Duk hoton da ya ɗauka sai ya wanke biyu, ɗaya na mai shi, ɗaya nasa. Tun tana shekara tara ya zaunar da ita a benci da fensir, ya ce hoton da ba a rubuta bayansa ba, nan da shekara talatin fuskar baƙo ce kawai. Aikinta ta tambayi mutane: wane ne wannan, wa ke gefensa, shekararsa nawa. Abin da aka faɗa mata shi take rubutawa, ba ragi ba ƙari. In mutum ya nuna mace ya ce uwata ce, ta rubuta uwarsa. In ya nuna ta biyu ya ce wannan ma uwata ce, ta sake rubuta uwarsa. Yarinya ce mai biyayya a lokacin. Daga baya ne abin ya sake ta.

Ta koyi buga tafireta, ta samu aikin akawu a laburare, ta shekara talatin da ɗaya tana buga katin bayanin littattafai da takardu tana jerawa a aljihun tebur. Ta auri wani mai gyaran agogo, bawan Allah mai haƙuri, wanda ya taɓa cewa a gidansa har tukwane suna da lamba, shi kaɗai ya rage ba a manna wa takarda a goshi ba. Da aka kawo kwamfuta ofis, tsofaffin akawuna suka dinga neman ciwon baya da ciwon ido don a ƙyale su. Ita kuwa ta ja kujera ta zauna, ta ga allo cike da gurabe farare suna jiranta, ta ce abin nema ya samu.

Da mahaifinta ya rasu, ya bar mata akwatunan ƙarfe uku, hotuna dubu uku da ɗari biyu. Gidanta babu wurin ajiye su, ta kuma ga ba nata ba ne ita kaɗai, na garin ne baki ɗaya, sai ta ba laburare kyauta. Aka yi mata godiya da kyau, aka tura akwatunan ƙarƙashin matakala, inda bango ke tsatsafar ruwa. Rannan ta buɗe ɗaya ta tarar gara ta cinye rabin ƙungiyar 'yan ƙwallo, ta bar mai tsaron gida tsaye shi kaɗai.

Ana nan sai shugaba ya tara ma'aikata da albishir. An gina sabon ɗaki a bene, da na'urar sanyaya wuri da kantoci na ƙarfe. Amma wurin kaɗan ne. Kayan da bayanansu suka shiga babban kundin da laburare bakwai suka haɗu a kai, kafin sha biyun ranar wata Alhamis da ya ambata, su ne za su samu kanta. Sauran su zauna inda suke. Cike-gurbi ta lissafa, Alhamis ɗin nan tana gab da faɗuwar damina. Hotunan ba za su ƙara jure wata damina a ƙarƙashin matakala ba.

Wanda aka ɗora wa tsara kundin nan ba baƙo ba ne. Taubashinta ne, ɗan gwaggonta, mutum mai sanƙo da tabarau wanda tun yana yaro ake ce masa Doka, don ko wasan ƙasa ake sai ya tsayar da kowa ya faɗi ƙa'ida tukuna. Shi ya tsaya gaban farin allo ya yi musu bayani. Laburare bakwai, kowa da salon rubutunsa: wannan ya ce marubuci, wancan ya ce mawallafi, wani ya fara da rana, wani ya fara da shekara. In aka zuba su wuri ɗaya haka, mai nema ba zai samu komai ba. Don haka sai an fara yarda a kan irin abubuwan da ake magana a kansu da yadda suka danganci juna. Ya zana bishiya. Ga reshen mutum, ga reshen wuri, ga na hoto, ga na lokaci. Hoto yana da wanda ya ɗauke shi, yana da waɗanda ke cikinsa. Mutum yana da ranar haihuwa, yana da uwa, yana da uba. Kowane reshe ya rataya masa ƙa'ida. Sannan akwai manhajar da za ta duba kowane kati a bakin ƙofa, wanda ya bi ƙa'ida ta ba shi kore ya wuce, wanda ya saɓa ta ba shi ja ya koma.

"Maigadi ke nan," in ji Cike-gurbi daga baya.

Sunan ya zauna. Ita kuwa ranar kamar an yi mata bushara da kujerar Makka. Shekara talatin tana faɗa da masu rubuta kwanan wata yadda suka ga dama, ana ce mata mai neman fitina, yau ga na'ura ta zo ta tsaya mata. Ta koma gida tana ba mai gyaran agogo labarin bishiya har tuwonsa ya huce a hannu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata huɗu ta yi tana ɗauko hotuna ɗauri-ɗauri, ta kife su a tebur, tana kwafe abin da ke bayansu zuwa kwamfuta, yatsunta na gudu kamar na makaɗi. Ranar Litinin ta makon ƙarshe aka buɗe Maigadi don gwaji. Ta sa sabon mayafi, ta kira mai shara ta zo ta shaida, ta danna.

Allo ya fara zubo kore, tana gyaɗa kai. Can sai ja ya ɓullo, wani ya biyo shi, wani ya biyo wannan. Kati ɗari huɗu da goma sha biyu Maigadi ya koro, kuma dalili ɗaya ya rubuta musu duka: mutum ba ya da uwa fiye da ɗaya.

"Yaya, lafiya?" in ji mai shara. "Na ga kin yi shiru."

"Jeki abinki. Zan je in ga bawan gidanmu."

Ba ta tafi hannu sake ba. Sai da ta sauka ƙarƙashin matakala ta yi tono a akwati na biyu, ta zaro hoto guda ta sa a jaka.

Ta samu Doka yana shan shayi. "Kai ka koya wa Maigadi cewa uwa ɗaya ce?"

"Ranki ya daɗe, 'yar kawu, ko gaisuwa babu? Ni na koya masa. Ke nawa kika gani?"

"Ya koro mini kati ɗari huɗu."

"To ki gyara su. Ki zaɓi ɗaya a kowane kati ki goge sauran. In na bar ƙofar nan a buɗe, gobe wani zai liƙa wa mutum ɗaya uwa goma saboda kuskuren bugu, mai neman asalinsa ya ɓata a hanya. Ƙa'ida ba don ado aka yi ta ba."

"In goge?"

"Minti nawa ne."

Ta zaro hoton ta ajiye kusa da kofinsa. Jariri ne mai ƙaton kai, an sa masa hula ta rufe ido ɗaya, mata uku sun kewaye shi, kowacce ta ɗora masa hannu kamar za a ƙwace shi.

"Ka san mai kan nan?"

Doka ya gyara tabarau. Ya kawar da kai.

"Juya bayan."

Da rubutun mahaifinta aka sa sunansa na yanka, sannan a ƙasa: uwarsa, uwarsa, uwarsa, kowacce da sunanta.

"Ga fensir," ta ce. "Zaɓi wadda za mu goge. Wadda ta haife ka, ko wadda ta goya ka har bayanta ya ƙage, ko wadda ta riƙe ka shekara goma sha biyu tana wanke maka fitsarin kwance? Ka zaɓa, ni kuma in kai saƙo."

"Fitsarin kwancen nan ƙari ne."

"Ni na sha shanya tabarmar."

Ya daɗe yana kallon hoton. Mutum ne mai taurin kai, amma ba wawa ba ne, kuma abin da ya fi so a duniya shi ne matsala mai kyau. Ta ga idonsa ya fara ƙyalli. Ya ture shayin ya miƙe ya nufi allo.

"Ƙa'idar daidai take," ya ce, "wurin da na rataye ta ne ba daidai ba."

"Haka ɓarawo ke cewa, hannun ne ya yi kuskuren aljihu."

Bai kula ta ba. Ya goge kalmar uwa daga ƙaramin reshen da ya sa ta, ya mayar da ita babban reshe mai 'ya'ya. Tana faɗa yana rubutawa: mahaifiya, uwar goyo, uwar riƙo, wadda ta shayar, ƙanwar uwa da yayar uwa. Suka yi musu a kan uwar ɗaki, ita ta ce a sa, shi ya ce wannan ba dangantakar jini ko reno ba ce, sai dai a yi mata wani reshe can gefe, ta bar masa don ta ga gaskiyarsa. Ƙa'idar guda ɗaya tak ya ɗauke ta ya rataya wa mahaifiya kaɗai, ya ƙara mata wata: dole mahaifiya ta girmi abin da ta haifa. Sauran rassan ya bar su a sake. Wanda kuma ba a san wace irin uwa ba ce, a bar ta a babban reshe, uwa kawai.

"Sai na buga wa sauran laburare shida waya sun yarda," ya ce. "Bishiyar ba tawa ba ce ni kaɗai."

Kafin la'asar, biyar daga cikinsu sun yarda. Na shida ya ce shi ma jan nan ya ishe shi, kunya ce ta hana shi magana.

Saura aiki. Kati ɗari huɗu, sai an san wace ce wace. Katunan da ke da uwa ɗaya kuwa ba ta ɓata lokaci a kansu ba, ta tattara su gaba ɗaya ta tura reshen mahaifiya da dannawa guda. Hotunan masu uwa biyu da uku ta zuba a kwali, da safiyar Talata ita da Doka suka nufi gidan Gwaggo, mahaifiyarsa, ƙanwar mai hoto, wadda ta haura tamanin kuma ba ta manta laifin kowa ba.

Suka same ta a tabarma a inuwar bango. Da ta ji abin da ya kawo su ta ce a miƙo mata tabaranta, ta gyara zama kamar alƙali. Doka ya rakuɓe gefe da kwamfuta a cinya.

"Wannan ita ta haife shi. Wannan ƙanwarta ce, ba ta haihu ba aka ba ta shi. Wuce. Wannan nono kawai ta ba ta, uwar na kwance wata uku. Wannan kuwa ba uwar kowa ba ce, shisshigi ne da ita, duk hoton da za a ɗauka a unguwa sai ta cusa kai."

"Gwaggo, a hankali, yana rubutawa."

"Wancan? Tun yana yaro hannunsa ba ya sauri."

Hotuna suka yi tsibi-tsibi, an danne wannan da takalmi, wancan da murfin kwano. Maƙwabta suka ji hayaniya suka shigo, wata ta ga kakarta tana budurwa ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya tana share ido. Cike-gurbi har muryarta ta dushe. Da aka zo kan jariri mai ƙaton kai, Gwaggo ta nuna ta dama ta ce yayarta ce, ita ta riƙe shi, ta nuna ta hagu ta ce maƙwabciya ce, ita ta goya shi.

"Ta tsakiyar fa?"

"Wata ce ta zo wucewa."

"Gwaggo, ke ce fa."

"To tunda kin sani, me ya kawo ki?"

Doka ya sunkuyar da kai ya rubuta mahaifiya, yana murmushi shi kaɗai.

Guda talatin da bakwai Gwaggo ta juya ta juya ta ce ba ta san su ba, baƙi ne. Cike-gurbi ta so a yi hasashe, wai ga kama nan a hanci. Gwaggo ta ce hanci ba shaida ba ne, ita ta san wanda ya yi kama da mai gidan haya. Aka bar su a babban reshe, gurbin mahaifiya fari fat, Cike-gurbi na kawar da kai kamar an bar mata yaro tsirara a titi.

Laraba da hantsi ta sake dannawa. Kore ya zubo, ya yi ta zubowa, mai shara na tafi da tsintsiya a hammata. Can ƙasa ja guda ɗaya. Maigadi ya rubuta: a wannan kati ɗa ya girmi mahaifiyarsa da shekara talatin da biyu.

"Yau kuma hauka ya koma," ta ce. Ta aika a kira Doka, ta sauka ta ɗauko hoton don ta kunyata shi da hujja. Bayan hoton rubutunta ne na yarinta, manya-manyan baƙaƙe: Tela, shekararsa talatin da biyar, da uwarsa, shekararta uku. Ta juya fuskar. Tela ne zaune a kujerar katako, a cinyarsa wata 'yar mitsitsiya da kitso biyu tana tsotsar yatsa. 'Yarsa ce. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, don haka bakinsa ba ya iya kiranta sai da uwata. Ya faɗa wa yarinya mai fensir, ta rubuta. Bayan shekara arba'in da wani abu yarinyar ta tsufa ta kwafe, har ta lissafa shekarar haihuwa ta cike gurbi, ba ta ko juya hoton ba.

Doka ya leƙo ta kafaɗarta. Ya buɗe baki.

"In ka yi magana sai na fasa maka tabarau."

"Ni ban ce komai ba, 'yar kawu. Maigadi ne ya yi magana."

Ta gyara katin, ta sa yarinyar a reshen 'ya, ta rubuta Uwa a gurbin laƙabi. Ja ya koma kore. Mai shara ta ce to an gama, a kira masu ɗaukar kaya. Cike-gurbi ba ta motsa ba. Wannan an kama shi ne don akwai shekaru a katin. Sauran da ta tura reshen mahaifiya da dannawa guda fa, kati kusan ɗari bakwai? Nawa ne a cikinsu goyo ne, ko riƙo, ko wata 'yar tela? Maigadi ya ba su kore don bai ga abin da zai kama ba.

"Sun riga sun wuce," in ji Doka a hankali. "Ba wanda zai tambaye ki."

"Wanda zai zo neman uwarsa nan da shekara hamsin zai tambaye ni, ina kabari. Kawo akwatunan."

Suka baje hotuna a dogon teburin masu karatu, wannan karon fuska sama. Ita da Doka da mai shara, daga baya har shugaba ya nannaɗe hannun riga ya shigo. Wanda ta tabbatar ta bar shi a mahaifiya, wanda take shakka ta mayar da shi uwa kawai. Aka samu irin 'yar tela guda huɗu, har da wata jaririya a zanen goyo da aka rubuta uwar direba. Aka tashi aiki saura ɗari biyu. Alhamis tun kafin mai gadin ƙofa na gaske ya gama karin kumallo tana tsaye a bakin laburare. Sha ɗaya da rabi ta wuce da 'yan mintuna ta danna na ƙarshe. Dubu uku da ɗari biyu, kore tun daga sama har ƙasa. Ta miƙe ta taka rawa biyu a gaban shugaba, ta tuna shekarunta, ta ƙara ɗaya.

Da azahar aka hau da akwatunan bene. Ita ta jera hotunan da hannunta a kanta ta uku daga taga, ɗakin na busa sanyi, tana yi wa masu ɗaukar kaya tsawa a kan kada su jingina da komai.

Bayan mako guda sai ga Gwaggo a laburare, an riƙo ta a hannu, karo na farko a rayuwarta. Ta ce a nuna mata abin da aka yi da ita. Aka zaunar da ita gaban kwamfuta, Cike-gurbi ta buga sunanta, hotuna goma sha ɗaya suka fito. Gwaggo ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan na bakwai.

"Cire wannan."

"Me ya yi, Gwaggo?"

"Ba ki ga ɗaurin ya karkace ba? Ga ido a kumbure. Garuruwa bakwai za su ce haka nake."

"Ba a cirewa. Amma akwai gurbin ƙarin bayani, abin da kika faɗa shi zan rubuta."

Gwaggo ta yi tunani. "Rubuta, ranar mura nake yi. Kuma ɗankwalin aro ne."

Ta buga, ta danna. Maigadi ya ba shi kore.